Ƙarni a Ruwan Ajiya

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da aka kwashi yara uku daga gidan bene zuwa asibiti, suna amai suna gudawa, babu wanda ya ce iska ce ta kawo. Kowa ya san abin da suka sha.

Gidan haya ne, ɗakuna a sama, ɗakuna a ƙasa, famfo ɗaya a tsakar gida. Tun da babban bututun unguwa ya fashe, famfon ya ƙafe, ko ɗigo. Maƙwabta suka shiga yawo da jarkoki, amma mutanen gidan bene ba su fita ba, domin suna da ajiya. Gangunan roba uku ne a sito, ƙarƙashin matakala, an wanke su, an cika su da ruwan sha, an ɗaure murafensu, an ɗora su kan katako a cikin duhu. Wannan dokar Baba Mai Sawu ce, wanda yake cewa ranar wanka ba a haƙa rijiya. An shanye ganga ta farko lafiya, an shanye ta biyu lafiya. Ta ukun, wadda ke can jikin bango, ita ce da aka ɗiba ta yi ƙasa sai ƙarni ya taso. Kafin nan yara sun riga sun sha.

Baba Mai Sawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a daji yana bin sawun dabbobin da aka sace. Yanzu gwiwa ta ƙi, yana zaune a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa. 'Yarsa Auta tana sama da mijinta Dogo, mai gyaran firji. A cikin yaran uku, ɗansu ne ya fi jin jiki.

Da tsohon ya dawo daga asibiti da hantsi, zuciyarsa na tafasa, sai ya tarar da kayan Mai Wanki a tsakar gida. Katifa, tukwane, dutsen guga, ƙullin kayan mutane, duk an watso. Dogo ne a ƙofar ɗakinta, ya zo ɗaukar wa yaro tufafi ya ɓige da wannan aiki.

"Makullin sito a hannun wa yake?" in ji Dogo, yana nuna ta. "Wa ke sana'ar da ba ta yiwuwa sai da ruwa? Ta kwashi namu ta yi wanki, ta mayar mana da ɗauraya."

Mai Gida yana tsaye a kan matakala, fuska a murtuke. "Na rantse da Allah," ya ce, "wanda ya taɓa ruwan nan, shi da iyalinsa ba za su sake kwana a gidana ba."

Mai Wanki gwauruwa ce, ba ta da kowa a garin sai wannan ɗaki. Tana tsaye a cikin kayanta, ba ta kuka, tana dai kallon su ɗaya bayan ɗaya. Da idonta ya kai kan Baba Mai Sawu, ya kawar da kai, domin shi ma a hanya ita ya riƙa tsine wa a ransa.

"Mai Gida," ya ce, "rantsuwarka tana nan, ba mai taɓa ta. Amma ka ba ni zuwa faɗuwar rana. Wanda za a yanka ma akan ba shi ruwa."

"Baba, wane bincike kuma ya rage?" in ji Dogo.

"Kai dai ajiye mata tukunyar nan. A hankali."

*

Ya karɓi makulli ya shiga sito shi kaɗai, ya tsuguna da ƙyar. Gaban ɗakin duk an tattake, sawu kan sawu. Amma a lungun dama, inda ba hanyar ganga ba ce, ƙura ta riƙe sawun silifa ɗaya, ƙarami, da alamar ƙusa a tsakiya inda aka gyara igiyarsa. Ya fito ya dubi ƙafar Mai Wanki.

"Kin ce ba kya shiga."

"Ban ce ba. Ba a tambaye ni ba."

"To na tambaya."

"Buhun gawayin guga na ɓoye ranar da aka yi ruwan sama. Sau ɗaya. Yana nan bayan ƙofa, je ka shinshina."

"Me ya hana ki faɗa wa Mai Gida?"

"In ce masa na sa gawayi a ɗakin ruwa? Kai da kanka za ka fara cinye ni." Ta gyara ɗankwali. "Baba, shekara nawa ina wanke maka riga? Ka taɓa jin ɗauraya tana ƙarni? Sabulu take yi, kumfa take yi. Ka ga kumfa a gangar?"

Bai ga kumfa ba. 

"Ɗazu ka kawar da kai," ta ce. "Na gani. Na Dogo bai yi mini ciwo kamar naka ba."

Ya koma cikin sito. Igiyar da ya ɗaure murfin ganga ta uku da ita tana ƙasa. Da wuƙa Mai Gida ya yanke ta ranar buɗewa, ƙullin kuwa yana nan yadda ya yi shi, ƙullin dabaibayi, wanda babu mai iya mayarwa a gidan. Ke nan kafin ranar ba a taɓa ɗaga babban murfin ba. Amma a saman murfin akwai 'yar ƙaramar hula ta murɗawa, wadda shi bai taɓa tunawa da ita ba. Kewayenta fes yake, babu ƙura. Daga nan wani layi ya tafi kamar jan cikin maciji, ya hau bango, ya fita ta tagar iska da ke can sama.

Ashe ɓarawon ko ƙofa bai nema ba.

*

Bayan bangon wani lungu ne siriri, inda ake jibge tarkace: tayoyin Guntu bakanike, matattun firji na Dogo a kwance a jere, karyayyen keken ɗinki. Ƙarƙashin tagar an share ƙasa.

Baba Mai Sawu ya daɗe yana kallon sharar. Mace in ta yi shara, tsintsiya gefe ɗaya take tafiya, layi bayan layi. Wannan kuwa an yi ta gaba da baya, kamar kaza ta yi tono. Namiji ne, kuma cikin sauri. Duk da haka tsintsiyar ba ta kai ga goge zoben gindin bokiti ba, wanda ya nutse tun ƙasa tana da danshi.

Matar Tela, ɗaya daga cikin 'yan hayar gidan, ta leƙo daga tagar sama. "Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "ni dai ban ce komai ba. Amma wa ke da tiyo a gidan nan? Na sha ganin Guntu da shi a lungun nan."

Ya sami Guntu a ƙofar gida, rabinsa a ƙarƙashin wata mota.

"Fito da tiyonka."

Guntu ya jawo jiki ya fito, ya miƙa masa. "An gama da Inna Mai Wanki, an dawo kaina ke nan?"

Tsohon ya kai tiyon hanci, ya yi saurin janyewa. Fetur ne zalla. Da wannan ya shiga gangar, da babu uwar da za ta kai ruwan bakin ɗanta.

"Me kake yi da shi a lungu?"

"Can nake rataye shi. Matata ta ce in ya sake kwana a ɗaki, ni da shi za mu kwana a waje."

"Biyo ni."

A lungu ya nuna masa tagar. "Sa hannunka ciki."

Guntu ya ɗaga kai, ya dubi tagar, ya dubi tsohon. "Baba, in zagi ne ka zage ni kawai. Ni da ko ƙwan lantarkin ɗakina sai matata ta sa mini."

Ya yi ɗage, yatsunsa ba su kai ko leɓen tagar ba. Baba Mai Sawu ya sake duba ƙasa. Inda zoben bokiti ya nutse, da an kafa kujera ko bulo, da su ma sun bar shaida. Babu. Mutumin a kan ƙafarsa ya tsaya, ya zura hannu har ya murɗe hula.

Dogayen maza a gidan uku ne: Mai Gida, da Tela, da surukinsa. Tunanin ya zo masa, ya kore shi kamar ƙuda. Wane uba ne zai ɓata ruwan da ɗansa zai sha?

*

Ya hau wurin Tela, wanda 'yarsa ma tana cikin marasa lafiya. Tela ya nuna masa kafaɗarsa ta dama, wadda ta riƙe tun bara, ko zare ba ya iya ɗaukowa daga kanta. Ya sauko wurin Mai Gida.

"Ni?" in ji Mai Gida. "Ka zo gidana ka tambaye ni ko na saci ruwana?"

"Kowa nake tambaya."

"To ka tambaya, ka ji. Rana ta karkata, Baba. Da ta faɗi, matar nan za ta bi ta."

Tsohon ya dawo sito, gwiwa na zogi, rai a ɓace. Ya san ta inda aka shiga, bai san me aka zuba ba, bai kuma san dalili ba. Da a daji ne, in sawu ya ɓace masa a kan dutse, komawa yake inda dabba ta kwana ya tona. Ya kira Guntu suka mirgino gangar waje. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin baho, suka tuntsurar da sauran ruwan a hankali.

Da ruwan ya tsiyaye, sai wani abu ya motsa a kan ƙyallen. Baƙi, siriri, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da 'yan gashin baki. Ɗan tarwaɗa ne, da ransa.

"Ikon Allah," in ji Guntu. "Kifi a famfo?"

"Famfo ba ya haihuwa. Kawo kwano, kuma ka riƙe bakinka."

Ya sa kifin a kwano da ɗan ruwa, ya rufe. A saninsa babu mai kiwon kifi a gidan, domin Mai Gida ko kaza ya hana. Amma in akwai kifi a kusa, akwai wadda ta riga kowa sani. Ya koma lungu, ya bar neman sawun mutum, ya nemi na kyanwa. Ga shi nan kuwa, daga kan katanga, daga bakin kwata, daga ƙarƙashin tayoyi, duk hanyoyin sun haɗu a wuri ɗaya. Firji na ƙarshe a jerin, wanda aka lulluɓe da buhu. Samansa duk tambarin ƙafarta ne.

Ya yaye buhun. An huda murfin ƙanana-ƙanana don iska. Ya ɗaga. Ruwa ne kore, yana motsi da ɗaruruwan 'ya'yan tarwaɗa, ƙarni ya buge shi. A bayan firjin ga bokiti, ga mazurari, ga farin tiyo a naɗe.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ya sauke murfin, ya zauna a kai. Babu wanda ya gan shi. Guntu ya ga kifi, amma bai ga firji ba. In ya yi shiru, Mai Wanki za ta ɗauki ƙullinta ta tafi, gobe a manta. In ya yi magana, rantsuwar Mai Gida ta ce shi da iyalinsa, iyalin kuwa Auta ce, da yaron da ke kwance da allurar ruwa a hannu. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya juya wannan magana a ransa, ya sake juyawa. Sai ya tuna yadda Dogo ya wurgo tukunyar matar nan, da kuma sharar da aka yi a ƙarƙashin taga. Wanda ya yi sharar ya riga ya san komai kafin ya ɗaga yatsa ya nuna ta.

Ya tashi.

*

Rana ta yi ja lokacin da suka taru a tsakar gida. Mai Wanki tana zaune a kan ƙullin katifarta. Dogo ya dawo daga asibiti, ya ce yaro ya buɗe ido, ya karɓi nono. Baba Mai Sawu ya ce alhamdu lillahi, ya ajiye kwano a rufe a gabansa.

"Ba a buɗe gangar nan ta ƙofa ba," ya ce. "Ta tagar iska aka zura tiyo. Don haka mai makulli ta fita. Guntu ma ya fita, Allah ya riga ya wanke shi tun ranar da ya halicce shi."

Wasu suka fara dariya, suka ga fuskarsa, suka haɗiye.

"Tela hannunsa ba ya ɗaguwa. Saura Mai Gida da kai, Dogo."

"Haba Baba. Ɗana ne fa a kwance."

"Na sani. Jikana ne. Buɗe kwanon nan."

Dogo bai motsa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Matar Tela ce ta sa hannu ta buɗe, ta ja da baya.

"A gindin gangar na same shi," in ji tsohon. "'Yan'uwansa suna lungu, a firji na ƙarshe. Mai son gaisawa da su ya je."

Mai Gida da Tela suka tafi. Da suka dawo, Tela ya yi kan Dogo da hannunsa mai lafiya, sai da Guntu ya rungume shi ta ƙugu.

Dogo ya durƙusa. "Wallahi ba ɓatawa na yi niyya ba. Gyaran firji ya yi baya, na ce in gwada kiwon. Na farko da na zuba musu ruwan famfo duk suka mutu, saboda maganin da ake sa masa. Wanda ya sayar mini ya ce sai ruwan da ya daɗe a ajiye. Ina ɗiba, ina mayarwa, Baba. Tun famfo yana zuwa. Ruwa mai tsabta nake mayarwa."

"Da wane bokiti?"

Dogo ya kawar da kai.

"Da wane bokiti, na ce."

"Wanda nake kwashe musu tsohon ruwa da shi. Ina ɗauraye shi."

"Kana ɗauraye shi, har kifi ya bi ta ciki. Matattun firji nawa ne a lungun can? Ba ka iya cika ɗaya ka bar shi ya kwana ba?"

"Sauri nake yi."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," in ji tsohon cikin fushi. "Ruwan da aka ajiye don ranar tsanani ba naka ba ne, ba nawa ba ne, na wanda ƙishi zai kama ne. Amma da a nan ka tsaya, da na ce wauta ce, na roƙa maka gafara da bakina. Yaushe ka share ƙarƙashin taga?"

"Jiya."

"Jiya. Yara na kwance, kai kana shara. Yau kuma ka zo ka watsar da kayan matar da ta goya maka ɗa tana guga. Ka taka laifinka ka hango nata."

Mai Gida ya yi gyaran murya. Fushinsa ya ragu, kunya ta shigo. "Baba, na yi rantsuwa, amma saboda kai, da yaron nan, ina iya yin kaffara."

"Da ita ce, za ka yi kaffara?"

Mai Gida ya dubi ƙasa.

"To kar ka yi don ni. Ɗakin sama ya tashi, kamar yadda ka rantse. Ɗakina ni na kama, kuma ni ba iyalinsa ba ne. In ka yarda, 'yata da ɗanta su sauko ciki har yaron ya warke, ni in shimfiɗa tabarma a sito. Wannan kuwa ya nemi inda zai kwana, shi da kifinsa."

Mai Gida ya gyaɗa kai. Sannan ya juya wurin Mai Wanki. "Inna, ki yi haƙuri. Ki koma ɗakinki."

"In koma da ƙafata, kayan kuma su koma da tasu?" Ta tashi daga kan katifar, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofarta. "Hannun da ya fitar shi zai mayar. Da masu taya shi. Matar Tela, ke kika ɗauko tabarmata, na gan ki. Dogo, katifa jikin bangon gabas take, ba nan ba."

Haka aka yi ta shiga da kaya, tana zaune tana nuni. Da Baba Mai Sawu ya sunkuya zai ɗauki dutsen guga, ta ce, "Bar shi, Baba. Kai ka riga ka ɗauki naka."

Da aka gama, Dogo ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Baba, don Allah kar ka faɗa wa Auta yau. Bari yaron ya ƙara samun sauƙi."

"Ni ba zan faɗa mata ba."

Dogo ya sauke ajiyar zuciya.

"Kai za ka faɗa mata, yanzu, kafin matar Tela ta riga ka." Tsohon ya ɗauki sandarsa, ya nuna masa ƙofa. "Wuce gaba. Ina bayanka, kuma ka san sana'ata."